Kahal, Likitan da Ya Zana Ƙwaƙwalwa

Idan ka taka ƙaya, ƙafarka takan ɗaga tun kafin ka ce wayyo. Idan malam ya kira sunanka, kakan waiga. Wa ya kai labari daga tafin ƙafa? Wa ya komo da umurni? Mutane sun daɗe da sanin cewa aikin ƙwaƙwalwa ne da jijiyoyi. Amma da me aka gina ƙwaƙwalwar kanta? Wannan tambaya ta gagari masana har shekara ta 1888. Wanda ya amsa ta wani likita ne na ƙasar Ispaniya, sunansa Santiyago Ramon i Kahal. A harshensu ana rubuta shi Santiago Ramón y Cajal. Ramon sunan gidan ubansa ne, Kahal na gidan uwarsa, don mutanen Ispaniya sukan ɗauki duka biyu. Duniya ta fi saninsa da Kahal.

Yaro mai taurin kai

An haife shi ran 1 ga watan Mayu 1852, a wani ƙauye da ake kira Petiya, cikin duwatsun arewacin Ispaniya. Ƙauyen talakawa ne, ƙasarsu tudu da tsakuwa. Mutumin Adar ba zai yi baƙunta sosai ba a can, in ban da sanyi da ƙanƙara. Sunan uwarsa Antoniya. Ubansa, Husto Ramon, ɗan manoma ne, ya yi kiwo yana yaro. Daga baya ya yi aiki a rumfar wanzamai. A Ispaniya ta wancan zamani, wanzami ba aski kaɗai yake yi ba. Kamar namu, yana tsaga, yana fitar da jini, yana cire haƙori. Husto ya taka da ƙafa har birnin Barsalona neman ilmi, ya sha wuya, ya samo takardar aikin likita. Wanda ya fita daga talauci ta wannan hanya ba ya wasa da karatu. Ya ƙudura a ransa ɗansa likita zai zama, ko yana so ko ba ya so.

Shi da kansa ya fara koya wa Santiyago karatu da lissafi da Faransanci, yaron yana da shekara 6. Amma Santiyago zane yake so. Duk bangon da ya gani fari sai ya cika shi da dawakai da mayaƙa. Ba shi da kuɗin sayen fenti, sai ya riƙa kankarar launi daga bangon gidaje. Uban ya hana, ya ce zane sana'ar yunwa ce. Har ya kai zanen yaron wurin wani mai shafen gidaje don ya duba. Mai shafe ya ce yaron nan ba shi da baiwa. Uban ya ji daɗin wannan hukunci, yaron kuwa ya ci gaba da zanensa a ɓoye.

Ƙiriniya kuwa ba a magana. Shi ne gwanin majajjawa a garin Ayerbe, inda suka koma. Yana haura katanga, yana satar ƴaƴan itace, yana neman sheƙar tsuntsaye. An kai shi makarantar wasu limaman Kirista a garin Haka. Sun yi duka, sun kulle shi, sun hana shi abinci, duk a banza. Yana da shekara 11 ya rarake wani gungume, ya yi igwa, ya ɗura mata albarushi, ya harbi sabuwar ƙofar maƙwabci, ya fasa ta. Aka kai shi gidan kaso na ƴan kwanaki. Uban bai roƙa masa ba. Wata mata da suka sani ce ta riƙa aika masa da abinci a ɓoye.

Da uban ya gaji, sai ya ba da shi ga wani wanzami don ya koyi sana'a. Daga baya ya cire shi daga makaranta, ya kai shi wurin baduku mai ɗinkin takalma. Abin mamaki, yaron ya iya aikin sosai. Kada ku raina waɗannan shekaru. Hannun da ya saba da aska da basilla shi ne daga baya ya riƙa yanka ƙwaƙwalwa siriri, fiye da ɓawon albasa.

Ƙasusuwa

A shekara ta 1868 uban ya sake dabara. Ya ce zai koya masa yadda ƙasusuwan mutum suke. Ba su da ƙasusuwan koyo, sai suka je wata tsohuwar maƙabarta da dare, inda ƙasusuwa suka fito fili, suka kwaso. Wannan abu ne da ba za a yi a ƙasarmu ba, kuma ko a can sai da suka ɓuya. Suka baje ƙasusuwan cikin rumbu. Uban yana nuna kowane rami da kowane tudu da ke jikin ƙashi, yaron yana zanawa. Cikin wata biyu ya haddace su. Ga yaron da malamai suka ce daƙiƙi ne! Abin da aka faɗa masa da baki yakan manta. Abin da ya gani da ido, ya taɓa da hannu, ya zana, ba ya mantawa. A nan ne uban ya fara ganin amfanin zanen da ya hana.

Ya shiga makarantar likitoci ta birnin Saragosa, ya gama a 1873. Aka ɗauke shi likitan soja. A 1874 aka tura shi tsibirin Kuba, wanda a lokacin yake hannun Ispaniya, ana yaƙi. Aka ajiye shi a wani asibitin daji cikin fadama. Masassarar cizon sauro ta kama shi, ga atuni. Ya komo gida a 1875, fata da ƙashi. A 1878 ya fara tarin jini, aka ce tarin fuka ne. Ya tafi kan duwatsu ya yi jinya, ya warke.

Tsakanin ciwon nan biyu wani abu ya faru. A 1877 ya je Madirid, babban birnin ƙasar, don jarrabawa. Can wani babban malami ya nuna masa naman jiki ta cikin mikroskop, wato madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Abin ya shiga ransa. Ya kwashe ɗan kuɗin da ya tara a Kuba ya sayi nasa madubin, yana biya kaɗan kaɗan. A 1879 ya auri Silberiya. Dangi ba su so ba, don albashinsa kaɗan ne. Suka haifi ƴaƴa bakwai. Ita ta riƙa tattalin gida, ta haƙura da abubuwa da yawa, don a sayi gilasai da magungunan bincike.

Abin da aka sani kafin shi

Bari mu tsaya a nan mu ga abin da masana suka riga suka sani.

Da Hausa, kalmar jijiya tana da ma'ana fiye da ɗaya. Akwai jijiyar jini, wadda take kamar bututu. Akwai agara, mai ɗaure tsoka da ƙashi. Akwai kuma ta uku, fara, siririya kamar zare, ba rami a cikinta. Ita ce jijiyar saƙo, kuma ita muke nufi a nan. Idan ka bugi gwiwar hannunka ga tebur ka ji zir har ƙaramin yatsa, ita ka buga.

Tsarin jijiyoyin saƙo kashi biyu ne. Na farko shi ne cibiya, wato ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai, nauyinta ga babban mutum ya kusa kilo ɗaya da rabi. Laka ta fito daga gindinta, ta bi ta ramin ƙashin baya. Ranar Layya, idan ana sara gadon bayan rago, ku duba tsakiyar ƙashin, za ku ga farin abu mai laushi. Ita ce laka. Kashi na biyu su ne jijiyoyin da suka fito daga cibiya suka bazu cikin jiki. Daga ƙwaƙwalwa 12 sun fito ta dama, 12 ta hagu. Daga laka 31 ta dama, 31 ta hagu. Wasu zaruruwa suna kawo labari daga ido da kunne da fata. Wasu suna kai umurni ga tsoka. Wasu kuma suna kula da bugun zuciya da narkar da abinci, ko kana barci.

Tun wajen 1839 masana suka gane cewa jikin mutum, da na dabba, da na tsiro, an gina su da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Idan aka sa ɓawon albasar Galmi a madubin likita, za a ga ƙwayoyin nan a jere, kowace da iyakarta. Amma ƙwaƙwalwa ta ƙi nuna nata tubalin. In an yanka ta an duba, sai a ga zaruruwa a harɗe, ba farko ba ƙarshe. Saboda haka manyan masana suka ce ƙwaƙwalwa raga ce guda, kamar komar masunta, duk zarenta a ƙulle da juna.

A 1873 wani likitan Italiya, Kamilo Golji, ya gano wani rini. Yana aiki ne a asibitin masu doguwar jinya, ya mai da wani ɗakin girki wurin bincikensa. Yakan jiƙa guntun ƙwaƙwalwa cikin wani ruwan magani har ya yi tauri, sa'an nan ya tsoma shi cikin ruwan gishirin azurfa. Rinin nan yana da wani hali. Ba ya kama kome da kome. Cikin ƙwayoyi ɗari, ƴan kaɗan yake zaɓa, ya rine su baƙi ƙirin, tun daga jiki har bakin reshe, ya bar sauran ba launi. Ku ɗauka a ce marini ya tsoma ƙullin zare a karofi, zare ɗaya tak ya kama baba. To, ai za a iya bin wannan zaren da ido a ga inda ya nufa. Sai dai rinin yana da gardama, yau ya kama, gobe ya ƙi. Mutane kaɗan suka yi amfani da shi. Golji kansa, da ya duba, ya tsaya a kan cewa raga ce.

Shekarar 1888

Kahal ya zama babban malami a jami'ar Balensiya a ƙarshen 1883. Da annobar kwalara ta faɗa wa birnin a 1885, ya yi bincike a kanta, hukumar lardin Saragosa ta saka masa da sabon madubi mai kyau ƙirar Jamus. A 1887 ya ziyarci wani likita a Madirid, Luwis Simaro, wanda ya komo daga Faransa. Simaro ya nuna masa guntun ƙwaƙwalwa da aka rina da rinin Golji. Shekara 14 ke nan da gano rinin, amma Kahal bai taɓa ganinsa ba. Kallo ɗaya ya yi ya san ya sami abin aikinsa.

A wannan shekara ya koma jami'ar Barsalona. Ya gyara rinin, ya riƙa tsomawa sau biyu. Sa'an nan ya yi wata dabara mai sauƙi wadda ta fi kome amfani. Ya ce a ransa, wanda yake son ya san yadda itace yake, kada ya shiga kurmi, ya je wurin renon itatuwa. Ƴan Kaita da Buza sun san wannan. A wurin reno kowane ɗan itace yana cikin ledarsa, ana ganin saiwa, ana ganin reshe. Saboda haka ya bar ƙwaƙwalwar manya, ya koma ga ta ƴan tsaki da ke cikin ƙwai, da ta jariran dabbobi. A wannan lokaci rassan ba su yi yawa ba, kuma kitsen da ke hana rini kamawa bai rufe zaruruwan ba tukuna.

Ya fara da ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda take wajen ƙeya, mai kula da daidaiton tafiya. Ya bi zare ɗaya ɗaya har ƙarshensa. Kowane zare ya je ya rungumi wata ƙwaya, ya tsaya. Bai shige cikinta ba, bai narke da ita ba. Ya duba bayan ido, ya duba laka, duk haka. Ashe ba raga ba ce. Ƙwayoyi ne, kowace mai zaman kanta.

Ku tuna layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska. In ka hango su daga kan tudu, sai ka ce katanga ce guda, koriya. In ka sauko ka shiga ƙarƙashinsu, sai ka ga kowane itace da gindinsa, da saiwarsa. Rassansu suna gogar juna, amma reshen wannan bai zama na wancan ba. Golji ya ga katanga. Kahal ya ga itatuwa.

Ga yadda ƙwayar take. Sunanta neron, da Faransanci neurone. Wani masanin Jamus, Baldaya, ya yaɗa sunan a 1891. Tana da jiki, inda cibiyarta take. Jikin ƙarami ne ƙwarai. Manya daga cikinsu, sai an jera goma su cika milimetir ɗaya. Ƙanana kuwa sai fiye da ɗari. Daga jikin, gajerun rassa da yawa sun fito, kamar kuka da rani in ta zubar da ganye. Sunansu dandirit. Sa'an nan akwai dogon zare guda ɗaya, kamar saiwar da ta yi nisa. Sunansa akson. Wani akson bai kai milimetir ba. Wani kuwa ya taso daga laka, wajen ƙugu, har babban yatsan ƙafa, kusan metir ɗaya ga dogon mutum. Jijiyar da ido yake gani damin akson ne masu yawa, an ɗaure su tare.

Kahal bai tsaya ga siffa ba. Madubinsa gawa yake nuna masa, ba abin da yake motsi. Amma ya yi tunani. A ido, rassan suna fuskantar waje, inda haske yake shigowa, dogon zaren kuwa ya nufi ƙwaƙwalwa. A hanci ma haka. Ashe rassa su ne masu karɓa, zare shi ne mai kaiwa. Saƙo yana shiga ta dandirit, ya fita ta akson, ya isa ga ƙwaya ta gaba. Hanya ɗaya yake bi. Kun ga masu gina shingen dutse a gona, in sun yi layi suna miƙa dutse hannu da hannu? Haka neron suke miƙa saƙo. Shi ya sa Kahal ya riƙa sa ƴan kibau a zanensa, don nuna inda saƙo ya nufa.

Yanzu ƙayar nan ta zama abu mai sauƙi. Neron na farko ya ɗauko labari daga tafin ƙafa zuwa laka. A cikin laka ya miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku. Na uku ya sauko da umurni ga tsoka, ƙafa ta ɗaga. Kafin labari ya hau zuwa ƙwaƙwalwa ka ji zafi, laka ta riga ta gama aiki.

Wa zai karanta Ispaniyanci?

Gano abu daban, a yarda da kai daban. A watan Mayu 1888 Kahal ya fara buga ƴar mujalla da kuɗin aljihunsa. Kwafi 60 yake bugawa, ya aika wa masanan ƙasashen waje. Shiru. A wancan zamani Jamusanci da Faransanci da Ingilishi su ne harsunan kimiyya. Ba mai tsammanin wani abu zai fito daga Ispaniya, ba kuma mai wahalar karanta harshenta.

Bai daina rubutu da harshensa ba, amma ya sa aka fassara aikinsa da Faransanci. A watan Oktoba 1889 ya kwashi ajiyar gidansa ya hau jirgin ƙasa zuwa Barlin, wurin taron masanan Jamus. Ya ɗauki madubinsa da gilasansa. Ya jera su a kan tebur a gefen zaure. Mutane suna wucewa, wasu suna murmushin raini. Sai ya je ya jawo babbansu, Kolika, dattijo mai shekara 72, ya kawo shi gaban madubi. Ya yi masa bayani da ɗan Faransancin nan da ubansa ya fara koya masa. Kolika ya duba, ya sake dubawa. Gani ya kori ji. Dattijon ya koma gida ya gwada da hannunsa, ya ga gaskiya ne, ya bar ra'ayin raga. Har ya zauna ya koyi Ispaniyanci da tsufansa, don ya karanta Kahal ba tare da tafinta ba. Ku da kuke karatu da harshe biyu, ku lura da wannan wuri. Faransanci ya buɗe masa ƙofa, amma aikin da Ispaniyanci ya yi shi.

Shekarun Barsalona ba na farin ciki kaɗai ba ne. A can ne ƴarsa ƙarama, Enriketa, ta kamu da wani irin sanƙarau ta rasu. Uban da ya fi kowa sanin ƙwaƙwalwa bai da abin da zai ba ta, don ba a gano maganin ba tukuna.

A 1892 ya koma jami'ar Madirid. A 1894 aka gayyace shi Landan ya yi jawabi. Ya sauka a gidan wani masanin Ingila, Sherinton, wanda a 1897 ya raɗa wa mahaɗar neron biyu suna sinaps. Daga 1899 zuwa 1904 Kahal ya fitar da babban littafinsa a kan tsarin jijiyoyin mutum da dabbobi. Fassararsa ta Faransanci ta fito a 1909 da 1911.

A 1906 aka raba kyautar Nobel ta aikin likita tsakanin Golji da Kahal. Suka haɗu a birnin Istokolm na ƙasar Suwidin, a watan Disamba. Ba su taɓa ganin juna ba sai ran nan. Golji ya fara jawabi. Maimakon ya yi zancen rininsa, sai ya soki ra'ayin neron, ya nace a kan raga. Washegari Kahal ya tashi ya nuna hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, bai yi zagi ba. Kada mu yi wa Golji dariya. Ba don rininsa ba, da Kahal bai ga kome ba. Kuma shi ne ya nuna cewa zazzaɓin masassara yana tashi ne daidai lokacin da ƙwayoyin cutar suka fashe cikin jini. Babban masani ne wanda ya riƙe ra'ayi ɗaya ya ƙi saki har ya rasu a 1926.

Abin da ke warkewa da abin da ba ya warkewa

Bayan Nobel, Kahal ya juya ga wata tambaya da ta shafi kowane gida. In jijiya ta yanke, tana tohowa? Ya buga amsarsa a 1913 da 1914. Jijiyar hannu ko ta ƙafa, in ta yanke, guntun da ya rabu da jikin neron yakan mutu. Guntun da ke haɗe da jiki yakan toho, ya bi tsohuwar hanya sannu a hankali, wajen milimetir ɗaya a kwana. Kamar itace ne, in an sare reshe gindi yana nan, zai yi toho. Amma cikin laka da ƙwaƙwalwa tohon ba ya nisa. In kuwa jikin neron ɗin ne ya mutu, yawanci ba mai maye gurbinsa.

Wannan ya bayyana mana shan inna. Mutanen da sun ɗora laifin a kan iskoki, sunan ciwon ma daga can ya fito. Gaskiyar ita ce, wata ƙwayar cuta ce take shiga ta baki, ta ruwa ko abinci mai ƙazanta. A jikin wasu yara takan kai ga laka, ta kashe neron masu ba tsoka umurni. Ƙafar tana jin taɓi, tana jin zafi, don masu kawo labari suna nan. Masu kai umurni ne babu. Sai tsoka ta shanye. Ba turare ko allura da za su ta da neron da ya mutu. Shi ya sa maganin shan inna sai rigakafi, wato ɗigon nan da ake sa wa yara a baki. A watan Agusta 2020 aka bayyana cewa asalin ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka, bayan shekaru ana bi gida gida.

Kuturta kuma jijiyoyin hannu da ƙafa da fuska take kamawa. Mai ita yakan daina jin zafi, ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, miki ya ci gaba. In an fara shan magani da wuri, ana warkewa kafin jijiya ta lalace. Sanƙarau, wanda ya yi ɓarna ƙwarai a Nijar a 1995 da 1996, yana kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Shi ya sa wuya yake sanƙarewa. Wasu da suka tashi sukan kurumce, don ciwon ya taɓa can cikin kunne da jijiyar ji. Yaro mai zazzaɓi da sanƙararren wuya, a kai shi likita a ranar, kada a jira gobe.

Tsufa

Kahal ya tara almajirai a Madirid. An yi masa tayin ministan ilmi a 1906, ya ƙi. Amma daga 1907 ya shugabanci hukumar da take tura samarin Ispaniya karatu ƙasashen waje.

Ɗaya daga cikin masu aiki a ɗakin bincikensa, Piyo del Riyo Ortega, ya duƙufa a kan wasu ƙwayoyin da ba neron ba. Sunansu giliya. Yawansu a ƙwaƙwalwa ya yi kusan na neron. Wasu suna ciyar da neron. Wasu suna share datti da kashe ƙwayoyin cuta. Wasu suna naɗe akson da farin kitse mai suna miyelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Akson mai wannan riga yana kai saƙo da gudun da ya kai metir 120 a daƙiƙa, wato ya ƙetare filin ƙwallo kafin ka ce ɗaya. Marar riga kuwa wajen metir ɗaya yake yi. Ortega ya gano iri biyu na giliya a 1919 da 1921, ya gyara wani bayanin malaminsa. Saɓani ya shiga tsakaninsu, har Kahal ya sallame shi daga ɗakin binciken a 1920. A ganina a nan dattijon bai kyauta ba. Shi da ya san zafin a ƙi sauraron ƙaramin mutum, bai kamata ya yi haka ba. Daga baya dai ya taimaka aka ba Ortega nasa wurin aiki, kuma lokaci ya nuna Ortega ke da gaskiya.

Ya bar koyarwa a 1922, yana da shekara 70. Silberiya ta rasu a 1930. Kunnensa ya yi nauyi, ƙarfinsa ya ragu, amma bai ajiye alƙalami ba. Da ya ji wasu suna neman ta da zancen raga, sai ya tattara hujjojinsa duka ya sake bugawa a 1933. Ya rasu a Madirid ran 17 ga watan Oktoba 1934, yana da shekara 82.

Abu ɗaya ne bai taɓa gani da idonsa ba, wato ratar da ke tsakanin neron da neron. Madubinsa bai kai nan ba. Sai a 1954 da 1955, shekara 20 bayan rasuwarsa, masana suka duba da sabon madubi mai aiki da lantarki, suka gan ta. Ƙanƙantarta, sai a raba kaurin takardar nan gida 5000 a ɗauki ɗaya. In saƙo ya iso bakin akson, sai akson ya fesa wani ɗan sinadari, ya ƙetare ratar, ya ta da neron na gaba. An kuma sami wasu wurare kaɗan inda neron biyu suke da ƴan ƙofofi tsakaninsu, lantarki yana wucewa kai tsaye. Ko a nan ma kowace ƙwaya da fatarta.

A 2009 wasu masana a ƙasar Barazil suka ƙiyasta yawan neron da ke cikin kan babban mutum, suka sami wajen miliyan dubu 86. In za ka ƙidaya ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana, sai ka yi fiye da shekara 2700. Kahal ya yi zane fiye da 2900 a rayuwarsa, da fensir da tawada. An adana da yawa daga cikinsu a Madirid. A 1998 ƴan sama jannatin Amurka sun tafi da wasu cikin kumbon Kolumbiya, lokacin da suka je binciken jijiyoyi a sararin samaniya. A 2017 hukumar UNESCO ta sa takardunsa da zane-zanensa cikin kundin abubuwan tarihin da duniya take adanawa.